Kada Ka Tsige Ganyen Dawar Nan

Yaya Nomau,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya mutan Cadawa?

Ni lafiya lau nake a Holand, muna noman tumatir cikin ɗakin gilashi. Yau kwana goma sha biyu ban ga rana ba, amma kada Inna ta ji.

Na ji kana shirin tsige ganyen dawarmu ka ba tumaki tun ba ta yi ƙwaya ba. Yaya, dakata. Abin da muka haddace a lakol, wato makarantar boko, nan na gan shi. Sinadarin da ke sa ganye kore, wato kulorofil, shi ke kama haske, ya haɗa ruwa da iskar kabon su zama sukari, sukarin ya hau zangarniya ya zama ƙwaya. In ka tsige, me Inna za ta daka da rani? Tumakin su yi haƙuri, ba za su kai ka ƙara ba.

Maigidana nan sayen haske yake, da fitilu yake haska tumatirinsa. Na ce masa mu gudun rana muke, bai yarda ba.

Bar ganyen ya sha rana. Kai ma ka ɗan tsaya cikinta a madadina.

Ƙanenka,
Lurwanu