Makarar Masallacinmu Ta Koma Ɗaukar Masu Rai

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Hanyar Rijiyar Kakanni, Mubi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan kwamiti. Ni ce malamar firamaren nan da ke zama a layin gaba duk sadda kuka kira taro, wadda sakatarenka ke cewa ta fiye tambaya. Tun damina ba ku ji ɗuriyata ba, na kuma san an huta. Takaba nake yi. Yanzu na fita, kuma abin da na fara nema shi ne biro da takarda. Na rubuto a fili ne domin wasiƙu uku da muka kai ofishinka a rufe, har yau a rufe suke.

Saboda masu karatu da ba su san wurin ba: hanyar da ke shigowa gari daga Duvu da Wuro Patuji, idan ta iso wajen Lamorde sai ta tsuke tsakanin wata tsohuwar katangar dutse da kwazazzabo. Bayan katangar akwai rijiyar da muke kira Rijiyar Kakanni, da tsamiya, da ɗan ƙaramin masallaci. Mutanen kan dutse sun ce kakanninsu suka jera duwatsun nan, ba laka ba siminti. Mu kuma an gaya mana a nan fataken da suka haifi kakanninmu suka fara sauke kaya. Ba mu taɓa faɗa a kan haka ba, ruwan ya ishe mu duka. Shekarar da 'yan bindiga suka kore mu daga gari, a nan muka sha ruwan ƙarshe kafin mu shiga daji da ƙafa. Da muka dawo mun tarar an ƙone abubuwa da yawa, amma rijiyar na nan. Akwai waɗanda ba su yi kuka a kan gidajensu ba sai da suka gan ta.

Ga abin da ya kawo ni.

Na ɗaya. Ranar kasuwar shanu, wannan matsatsi shi kaɗai ne ƙofar shiga gari daga wajenmu. Manyan motocin shanu, garken da ake korowa da ƙafa, kekuna masu ƙafa uku, motocin baƙi da ke zuwa ganin rijiya, duk ta nan. Da can babur yakan kurɗa. Tun da aka hana babura saboda tsaro, abin da ban ja da shi ba, babu abin da ke kurɗawa sai akuya.

Na biyu. Kun zo awo sau uku. A zuwa na farko kuka shafa wa katangar jan fenti, alamar za a rushe ta a faɗaɗa hanya. Mun ƙi, kuma ni ce na fi kowa ɗaga murya. Amma ba ƙi kawai muka yi ba. Mun nuna muku inda hanya za ta iya kewayawa ta bayan masallaci, ta gangara mayo, wato rafi, ta fita can gaba, kwalbati ɗaya kawai take buƙata. Masu gonakin wurin, Musulmi da Kirista, sun yarda a gabanku cewa sun ba da filin. Kun kafa turaku kun tafi. Turakun nan yanzu mata ke ɗaure awaki a jikinsu, aƙalla sun yi wa wani amfani. Duk da haka a kowane taro sai ka ce mutanen unguwa ne suka ƙi ci gaba. Ranka ya daɗe, na koyar da yara karatu fiye da rabin rayuwata, na san bambancin wanda bai gane ba da wanda ya gane ya kawar da kai.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Maigidana tela ne, shagonsa a zauren gidanmu yake, ba nisa da rijiyar. Wata safiya ranar kasuwa, a damina, yana kan keken ɗinki sai almakashi ya faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya ɗauka, hannun ya ƙi. Bakinsa ya karkace. Na karanta isasshe na san abin da wannan ke nufi, na kuma san cewa lokaci ne maganinsa na farko. Maƙwabta suka ɗora shi a keke mai ƙafa uku, na zauna na tallafe shi, muka nufi asibiti.

A bakin katanga muka tsaya. Manyan motoci biyu sun yi gaba da gaba, kowace da layi a bayanta, shanu sun cike duk wata kafa da ta rage. Mai kekenmu ya sauka yana bin direbobi yana cewa akwai mara lafiya. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Kowa nan mara lafiya ya ɗauko, malam. Bi layi." Ban riƙe shi a zuciya ba. Ya ji wannan magana sau ɗari daga bakin masu sauri, har ta daina shiga kunnensa.

Sai ga Baba Yohanna, dattijon nan ɗan wajen Michika da ke share harabar rijiya kullum ba wanda ya sa shi. Ya leƙa, ya ga maigidana, ya rage murya ya ce da ni, "Malama, ki yi haƙuri da maganan da zan faɗa. Makara yana nan jingine a masallaci. Mu sa shi a kai, mu rufe da zane. Ko wane mota zai ba hanya."

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa a garin nan ya san haka. Idan makara ta fito, ba a gardama. Direba yakan kashe inji ya sauko, masu keke su ɗaga kekunansu su aza a gefe, makiyayi ya kore shanunsa ko da cikin kwazazzabo ne. Haka muka taso muka gani.

Na ce, "Baba, mijina yana numfashi."

Ya ce, "Shi ya sa, 'yata."

Na ƙi. Mutumin da ya ɗinka mini kayan da ke jikina a ranar, in kwantar da shi inda ake kwantar da matattu, in rufe masa fuska yana kallona? Na kasa. Yana jin duk abin da muke faɗa. Ya matse mini hannu da hannunsa mai lafiya, kuma har gobe ban san abin da yake nufi ba. Ko cewa yake in yarda, ko godiya yake da na ƙi. Da wannan tambaya na yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki.

Rana ta ɗago sosai kafin motocin su rabu. Kafin nan ya cika, kansa a kafaɗata, muna kallon jan fentinku a jikin katanga. Mai keke ya juya da mu gida.

Bayan la'asar aka fito da shi. Maƙabarta tana gaba da rijiya, kuma cunkoson yamma ya fi na safe. Ni ina cikin gida, amma na ji da kunnena. Na ji injuna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har unguwa ta yi tsit, sai salatin masu ɗauka. An ce ko tsayawa ba su yi ba. Hanyar da ta hana shi wucewa yana da rai, ta buɗe masa cikin ɗan lokacin da bai kai na alwala ba, a kan makarar da na ƙi.

Na san ajali ne. Ban zo in yi jayayya da Ubangijina ba. Da kai na zo yi, domin kai aka ba hanyar.

Na huɗu. Wakilin da ka aiko ta'aziyya ya iso da ƙafa, domin motarsa ta maƙale a daidai wurin. Na ji shi ta bayan labule yana ƙorafin taɓon da ya ɓata masa takalmi. Ina fatan ya ba ka labarin takalmin, tunda shi ne rahoto mafi gaskiya da kwamitinka ya taɓa samu.

Na biyar. Ka san abin da unguwa ta koya daga rasuwar maigidana? Ba a yi wata biyu ba naƙuda ta tsananta wa surukar Baba Yohanna, ranar kasuwa. Liman da kansa ya fito da makara. Aka kwantar da ita, Kirista, a makarar masallaci, aka lulluɓe ta, tana cizon zane kada ta yi ƙara. Hanya ta buɗe. Ta haihu lafiya a asibiti, mace, na kuma gode wa Allah. Tun daga nan an yi haka ga wani manomi da maciji ya sara, da wata tsohuwa mai ciwon ƙirji. Yanzu a unguwarmu idan mutum ya faɗi, ba a neman mota, makara ake nema.

Direbobi kuma sun fara ganewa. Kwanan baya aka fito da gawa ta gaskiya, wani dattijo mai sayar da goro. Wani direba ya sauko ya tare hanya, ya ce sai ya ɗaga mayafin ya gani da idonsa. Ya ɗaga, a gaban 'ya'yan mamacin. Ya ga likkafani, ya koma mota yana kuka. Ranka ya daɗe, abu ɗaya tak ya rage da ke buɗe hanyar nan, mutuncin gawa, kuma ga shi muna cinye shi kaɗan-kaɗan. Ranar da ya ƙare, ba mai rai ba, ba matacce ba, babu wanda za a buɗe wa hanya.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A goge jan fentin nan daga katangar kakanni, kada a taɓa ko dutse ɗaya. A fara kewayen bayan masallaci kafin wata damina. Ko ba kwalta, a share a zuba tsakuwa a sa kwalbatin, mazan unguwa sun ce za su fito da fartanyarsu. Kafin nan, a sa mutum biyu a bakin matsatsin kowace ranar kasuwa, su riƙa sakin manyan motoci ɓangare-ɓangare. In kuma duk wannan ya fi ƙarfinka, ka faɗa a fili, mu san ƙofar da za mu buga.

Ina kuma gayyatarka. Ka zo ranar kasuwa da hantsi, ba jiniya, ka tsaya gindin tsamiya. Baba Yohanna zai ba ka kujera.

Ni dai na riga na bar wa 'ya'yana wasiyya. Ina da hawan jini. In na faɗi ranar kasuwa, kada kowa ya tsaya neman shawarata, su ɗauko makara su rufe mini fuska. Abin da na kasa yi wa ubansu, su yi mini.

Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da mutuncinka. Allah ya tsare iyalinka daga ciwon ranar kasuwa. Allah ya sa kada ka hau makara sai sau ɗaya, kuma bayan ka daina numfashi.

Wassalam.

Malama Ladidi,
matar marigayi telan bakin rijiya,
Mubi.