Gawar Kawu a Bakin Kogi

Peckham, Landan

Yaya Halima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Inna da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ba mu binne Kawu Idi ranar Juma'a ba, duk da alkawarin da na yi miki a waya. Maƙabartar tana ƙetaren kogi. Direban motar gawa ya so mu zaga ta gada, ni na ce mu hau jirgin fito, tunda a kansa Kawu ya tsufa yana aikin jera motocin da ake ƙetarwa da su. Jirage biyu ke aiki. Ranar, ɗaya yana wajen gyara, ɗayan kuma ya mutu a tsakiyar ruwa. Muna layi, ba gaba ba baya, har aka rufe maƙabarta.

Alhaji Musa, wanda ya yi masa wanka, ya dube ni ya ce, "Malam Sani, gawa kake kaiwa yawon shan iska?"

Kawu ya koma firij a ɗakin ajiye gawa, sai Litinin muka rufe shi. Har yau ban sani ba ko girmama shi na yi.

Ki gaya wa Inna da bakinki, kada ta ji a waje. Ku yi masa addu'a, ni ma ku sa ni. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Sani