Kar Ki Taɓa Ni, Mama

Mama,

Gaisuwa daga Buea. Ya ciwon ƙafar? Ya mutanen Bamenda?

Muna lafiya, sai dai jikanki Fru ya faɗi a tseren keken yara a gangaren dutse. Na ruga zan ɗaga shi, ya daka mini tsawa: "Mama, kar ki taɓa ni! In kika taimaka, cire ni za a yi!" Na ja na tsaya, na naɗe hannuna a baya. Da hannu ɗaya ya tura keken har ƙarshe, ubansa yana ta tafi, wai namiji.

Karaya ce, an yi masa ɗori. Ki aiko mana man alayyadi. Hannunsa zai warke. Nawa da na naɗe a baya ne har yau nake tuhuma.

Allah ya ja kwana.

'Yarki,
Bih