Karatu Cikin Ƙarar Injin Niƙa

Zuwa ga Tawonga, ruwan farkon damina a gonata, inuwata idan ranar garinmu Rumphi ta take tsaka, 'yar Msiska mai dariyar da ke mantar da ni yunwa!

Tun kafin a karya masara gwaggonki ta same ni a gidan niƙa da saƙonki. Wai kawunnaina su dakata da maganar shanun aure. Wai tunda likita ya ce hasken idonki tafiya yake yi ba dawowa, ba za ki zame mini kaya ba, gidan da miji da mata ba mai iya karanta wa wani ko takardar magani ai ba gida ba ne. Kaya? Ke? Haba Tawonga! Yaushe giwa ta taɓa kuka da nauyin haurenta? Na yi shiru duk watannin nan, amma ba fushi na yi ba, amsa nake haɗawa.

Kin tuna ranar da ruwa ya koro ni ɗakin karatu na gari, fari fat da garin masara har gashin ido? Kina tsaye a teburin bakin ƙofa, inda duk wanda littafi ya yi wa daɗi yake ajiye shi don na baya ya gwada. Na miƙa hannu don kada a ce fakewa kawai na zo yi, kika ce, "Kai mai niƙa, tuwo za ka tuƙa mana a kan littafin? Je ka wanke hannu!" Na wanke, amma tun ranar ban sake samun zuciyata ba, tana wurinki. Kin san a aji uku na bar makaranta, haruffa suna yi mini gudu kamar kaji, shi ya sa kowace Lahadi bayan coci kike karanta mini a gindin mangwaro. Wace waƙar tsuntsu ce ta kai muryarki a wurin?

Washegarin saƙonki na tafi wurin Amama NyaHarawa, mai kula da ɗakin karatun, na faɗa mata ina so in riƙa karanta miki, na ce ta ba ni littafi mafi kauri. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Matashin kai kake nema, ɗana? Da rarrafe yaro kan tashi. Kuma ba ido za ka karanta wa ba, kunne ne. Littafin kunne daban yake." Ta miƙo mini na yara, mai manyan haruffa da hoton kunkuru! Sharaɗinta biyu: in karanta da ƙarfi, kuma ba ta ba ni na gaba sai na ba ta labarin na baya da bakina. A cikin riga na ɓoye shi har gida, ni ƙato da gemu.

Ina zan ɗaga murya ba a ji tuntuɓena ba? Sai a gidan niƙa, inda inji ke haɗiye kowace magana. Nan nake zuba masara da hannu ɗaya, littafi a ɗayan, ina kwarara karatu ba mai ji. Rannan ina tsakiyar ihu aka ɗauke wuta. Tsit! Sai muryata kaɗai, tana shelar yadda kunkuru ya ari takalmin zakara. Matan da ke layi suka kwashe da dariya har wata ta zubar da kwandonta. Na so ƙasa ta tsage. Can wata tsohuwa ta ce, "To, sai aka yi yaya? Ƙarasa mana, ɗan nan, wutar ma ba yanzu za ta dawo ba." Na ƙarasa. Yanzu idan aka ɗauke wuta ba mai tsaki, buhu kowa ke ja ya zauna.

Haka Amama ta yi ta hawa da ni, daga kunkuru zuwa labaran mafarauta, daga nan zuwa masu ƙananan haruffa. Ta san irin labarin da kike so sarai. Wani in na ɗauka sai ta fizge ta ce, "Ajiye, yarinyar nan ba ta son labarin da ake yawan wa'azi." Makon jiya kuwa ta buɗe aljihun teburinta ta fito da littafin nan na matar da ta haye tafki neman ɗan'uwanta, wanda kika mayar ba ki gama ba da idonki ya fara gazawa. Ba ta ba kowa aronsa ba. Busasshen ganyen masarar da kika yi alama da shi yana nan inda kika bar shi. Ta ce, "Ka isa. Kai mata."

Na karanta har zuwa alamarki, ya hasken raina, na tsaya. Ban leƙa ko layi ɗaya ba, duk da son sanin ƙarshen yana cina. Ko ta same shi, ko ba ta same shi ba, tare za mu ji.

Wannan takarda ba zan ba kowa ya kawo miki ba. Ni zan tsaya a ƙofar gidanku in karanta miki ita da bakina. In kin ji muryata tana rawa, ba haruffa ne suka kayar da ni ba, ke ce. Ina sonki, Tawonga, da ido ko babu. Ki bar kawunnaina su zo. Littafin yana hannuna, yatsana a kan ganyen. Ki ce in buɗe.

Naki, muddin ina da numfashin da zan ɗaga murya,
Fiskani mai niƙa