Da Yatsa Guda Na Kashe Muryar Ɗiyata

Malama, ki taimake ni, na yi ɓarnar da ta fi ƙarfin bakina.

Ni manomi ne a Gwandu. Boko na tsaya aji huɗu, nan ma malaman ne suka gaji. Ɗiyata Rahmatu ta gama karatun jinya, wata ƙungiya ta sa mata ranar ganawar ɗaukar aiki ta kwamfuta. Muka tafi Kalgo gidan ƙanena, don sabis ya fi ƙarfi can. Ta tashi gyara hijabi, na ga fuskar kwamfutar ta yi duhu. Ni kuwa babban injiniya, sai na danna maɓallin layin sama mai hoton rana. Haske bai ƙaru ba, na koma na zauna abina.

Minti goma yarinyar nan na zuba bayani, masu ganawar suna ganin baki na motsi, ba murya. Suka katse. Wata suka ɗauka.

Da na zargi maɓallin nan, na kai kwamfutar wurin Lukuman mai gyara, wanda ya sa mata sabon tsari kwanaki. Ya ce irin wagga kwamfuta, sabon tsarin na ɗaukar maɓallin haske a matsayin na kashe makirfo, sai an rubuta mata ƙa'ida ta musamman, shi ko ya manta.

Rahmatu ba ta sani ba. Kanta take zargi, ta daina neman aiki, tuwo sai ta tsakura. Ni da ke cika gida da dariya, yanzu ko ido ba na iya haɗawa da ita. In faɗa mata?

Uban Ƙarambani, Gwandu

Baban Rahmatu, sannu da wannan nauyi.

Ka faɗa mata yau, kuma ban da barkwanci. Lukuman ya ba da aiki bai gwada maɓallan ba, wannan nasa ne. Kai da niyyar alheri ka taɓa. Shirun ne laifinka, domin kullum tana biyan abin da ba ta aikata ba.

Tana iya yin fushi. Ka jure, kar ka kare kanka.

A koma wurin Lukuman ya rubuta ƙa'idar, ya gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya a gabanta. Ta rubuta wa ƙungiyar abin da ya faru, amma ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa wannan aikin ya wuce. Abin da za ka iya maido mata shi ne sanin cewa ba ita ta kasa ba.

Allah ya ba ka ƙarfin buɗe baki, ya ba ta aikin da ya fi wancan.