Fukafukan Fara da Ƙafar Baba

Laraba, bayan isha'i, Wudil

Yau kaitosan, sinadarin da na fitar daga fukafukan fara don maganin gyambo, ya yi aiki. Da safe na buɗe farantin ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, sai ga fili fes kewaye da inda na ɗiga shi, ya kashe ƙwayoyin cutar. Malamina har da tafi. Ni dai na auna faɗin wurin, na wanke hannu.

Bayan azahar na shiga mota zuwa asibiti a Kano. Jiya aka yanke wa Baba ƙafar hagu, gyambon ciwon sukarinsa ya ƙi jin kowace allura. Shi ne duk kaka yake bin masu suyar fara a Darki yana ɗingishi, yana tara min fukafukan da suke zubarwa, ana yi masa dariya wai 'yarsa karatun shara take yi a jami'a.

Na tarar ya farka. Ya ce, "Uwata, maganin naki ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Baba, amma a faranti. Kafin a sa wa mutum da sauran shekaru."

Ya ce, "To, madalla. Wani zai samu."

Ban yi kuka ba, har yanzu ban ji komai ba. Inna ta ba ni ledar kayansa na taho da ita. Takalmansa duka biyu suna ciki. Na rasa inda zan ajiye na hagun.