Firinta da aljihuna

Maman Raudatu,

Na san kin ce kar in taɓa firintar sai kin dawo daga gidan suna. Na taɓa.

So na yi ki tarar na buga miki takardun da kike liƙa wa ledojin garin kunu, tun da mai motar Kaduna zai zo ɗaukar kaya bayan la'asar. Sai ta fara halinta: ta kama waifai, ta saki. Na kai ta bakin taga, na kashe na kunna, na zargi kwanon rufi. Har magana na yi mata, ba mai daɗi ba.

Duk sanda ta saki sai in fita ƙofar gida in kira Awaisu mai gyara, don can ne kawai sabis yake. Da na dawo sai ta kama, in ce ai shawararsa ce ta yi aiki. A kira na ƙarshe ya ce, “Alhaji, wai da wane waifai take haɗe?” Ashe da na wayata ne. Ni ke yawo da shi a aljihu, da na yi nisa sai ta saki.

Na bar miki wayar a kanta, kar kowa ya ɗaga. Na wuce gona a Mahuta, mai nemana ya yi haƙuri.

Yanzu ba ta yankewa ko kaɗan, na gwada na sake gwadawa. Takardunki ne dai ban kai ga bugawa ba. Tawada ta ƙare wurin gwaji.

Abdussamad